Keken da Aka Sayar a Bayan Katanga

'Ya'yana maza da mata, akwai abin da na gani da idona shekarun baya, har yau bai bar raina ba. An gayyace ni bikin yaye matasa a wata ƙaramar hukuma, waɗanda aka ce sun yi wata uku suna koyon sana'a. An kakkafa rumfuna, maroƙa na ta aikinsu, manyan baƙi sun yi jawabi. Aka shiga kiran suna ɗaya bayan ɗaya: wannan keken ɗinki, wancan injin markaɗe, waccan kayan gyaran gashi, wani akwatin kayan gyaran waya. Iyaye mata sai guɗa suke yi, ni ma daɗi ya cika ni. Da aka tashi na zagaya neman abin hawa, sai na tarar da wata kasuwa ta ci a bayan katanga. Dillalai ne tsaye da kuɗi a hannu, ga motar kaya a gefe. Keke ko kwalinsa ba a buɗe ba, a taya shi rabin kuɗinsa, a sallama. Na tsayar da wani yaro da bai fi shekara ashirin ba, na ce, “Ɗana, me ya yi zafi?” Bai ɓoye mini ba. Ya ce, “Wallahi Baba, ko wando ban iya yankawa ba. In na kai shi gida ajiyewa zan yi.”

Da farko haushinsa na ji. Da na kwana da maganar sai na ga yaron gaskiya ya faɗa. Wata uku ba ya mayar da mutum tela, ko da kullum yana zuwa, ballantana a ce mutum talatin ne a kan keke biyar. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗauka hanya biyu ce kawai a gabansa, ko ya ajiye keken ya yi tsatsa, ko ya karɓi kuɗi. Akwai ta uku, kuma ita ce dalilin wannan rubutu: ya ɗauki keken nan ya kai shagon wani tela da ya amsa sunansa, ya durƙusa ya ce, “Ga ni, ga keke, a koya mini.”

Ku sani, wannan tallafi da kuke ta cike fom dominsa ba yau aka fara shi ba. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF. A 1977 aka kafa hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna. Mu da muka ga shigowar tsarin karatu na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 muna tuna injinan koyon kafinta da ƙira da aka kawo makarantu, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu kuma malamin da ya san kansu. A 1986, lokacin da matsin shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya fara cizo, aka kafa hukumar samar da aikin yi, NDE. SMEDAN ta zo a 2003, YouWin a 2011, N-Power a 2016, ban da na jihohi da na 'yan majalisa da na ƙungiyoyin waje. Ba na cikin masu cewa duk aikin banza ne. Na san gidajen da keken gwamnati ke ciyar da su har gobe. Sai dai duk wanda na sani ya ci moriyar abin, ɗayan biyu ne: ko dai tallafin ya tarar da sana'a a hannunsa ya ƙara masa ƙarfi, ko kuwa bayan an watse biki ya koma ya zauna ƙarƙashin wani. Gwamnati takan zo da shirinta ta tafi da shi. Abin da ya zauna a yatsunka shi ne ba ya bin kowa.

Kafin a haifi ko ɗaya daga cikin hukumomin nan, ƙasar nan tana da makarantarta. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa hamada ta isa Turai, can suka laƙaba mata sunan Maroko don ta hannun Larabawan arewacin Afirka ta iske su. Marinar Ƙofar Mata tana nan, kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Wa ya koyar da waɗancan masaƙa da marina da dukawa da maƙera? Yaro ne yake tashi a gindin ubansa ko ubangidansa, ya fara da ɗebo toka da zuga wuta, shekara da shekaru, har ran da za a ce masa, “To, yi naka mu gani.”

Ni a shagon kawuna na tashi, a Fagge. Shekarata ta farko ban taka keke ba sai in ba ya nan. Aikina shara, hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, warware ɗinkin da ya karkace, da zuwa Kantin Kwari sayo zare. A lokacin gani nake bauta ce. Sai da na girma na gane cewa a warwarar ɗinki na koyi yadda ake haɗa riga, don wanda ya kwance abu sau ɗari ya san inda kowane ƙulli yake. A aiken Kwari na koyi bambanta shadda mai kyau da mai kama da ita, da yatsa kawai, na kuma san wane mai shago ne ke cika awo. A zaman shago na ga yadda kawu ke karɓar mutumin da ya shigo da faɗa, ya ba shi wuri, ya sa a kawo masa ruwa, ya saurare shi har ya huce, kafin a taɓa maganar wuyan rigar da ya matse. Na ga yadda yake duban mutum sau ɗaya ya san ko mai son kaya su sake ne, ko mai son su kama jiki. Ranar da ya fara miƙa mini almakashi, yadin makaranta ne mai araha, ya tsaya a kaina bai ce uffan ba har na gama. Da na ɓata hannun riga, bai zage ni ba. Ya ce in je in sayo wani yadin da kuɗin abincina. Ban sake yanka ba tare da na auna sau biyu ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake rubutawa a allo, kuma su ne sana'ar. Taka keke kuwa, mako biyu ya isa.

Ku je manyan gine-ginen Abuja, har ma da wasu na Kano da Kaduna, ku tambayi wa ya shimfiɗa tayil, wa ya yi silin. Sau da yawa za a ce muku 'yan Togo ne ko 'yan ƙasar Binin. Abin yana yi mini ciwo, ga yaranmu zaune a bakin titi. Ba wai sun fi mu basira ba ne. A can, yaro yakan yi shekaru a hannun maigida bisa yarjejeniya da iyaye suka sa hannu, ba ya buɗe nasa wurin sai an yi bikin 'yanta shi a gaban 'yan sana'a. Mu kuwa yaro ya yi wata shida, ya ga ya iya riƙe cokalin gini, sai ya sayi nasa ya ce shi ma oga ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mai gidan da aka ɓata wa tayil sau ɗaya ba zai sake kiran ɗan unguwa ba, kuma ba wanda ya ɓata kaɗai zai shafa ba.

Ba zan rufe ido in ce kowane maigida na kirki ne ba. Akwai wanda zai riƙe yaro shekara biyar yana aikensa cefane da wankin mota, in aiki mai wuya ya zo ya tura shi sayo shayi don kada ya ga sirrin. Akwai mai duka, akwai mai hana salla a kan lokaci. Saboda haka kafin ka zauna wurin mutum, yi tambaya ɗaya a unguwar: yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu? In an nuna maka shaguna uku huɗu an ce duk daga hannunsa suka fito, to ka sami wuri. Kada ka je kai kaɗai. Tafi da mahaifinka ko kawunka ko mai unguwa, a yi magana a fili: shekara nawa, me za a koya, wa zai ciyar, me za a yi ranar sallama. Maƙwabtanmu Ibo na Sabon Gari sun riƙe wannan da kyau. Yaro ya yi wa ubangidansa hidima shekarun da aka yanka, ranar da wa'adi ya cika a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Mu ma fatakenmu na goro da na Gwanja haka suka yi ta ɗaga yaransu. Kunya ce ta sa muka daina faɗin sharaɗi tun farko, sai daga baya a yi ta ƙorafi.

Sai zaɓen sana'ar kanta. Cutar da ta fi damunmu ita ce gani an yi. Wani ya kafa tebur da lema ya sa POS ya samu, kafin wata uku layin ya cika da lema goma, kowa na hamma. Wata ta koyi haɗa sabulun ruwa, sai duk matan layin su koya, a rasa mai saye. Kafin ka zaɓa, zaga garinku da ido buɗe ka ga abin da mutane ke wahalar samu. Wane aiki ne sai an ɗauko mai yi daga wani gari? Yau gida nawa ne suka sa sola, kuma mutum nawa ne a ƙaramar hukumarku suka iya auna nauyin wutar gida, su haɗa batir da inbata ba tare da sun ƙona wa mutum dukiya ba? Manoman rani nawa ke ɗaukar injin ban-ruwa zuwa birni saboda babu mai gyara a kusa? Motocin yanzu sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu, su wa suka iya? Je Panteka a Kaduna ka ga abin da hannu ke yi da ƙarfen da aka yar: injin casa, injin niƙa, murhu, ƙyamaren ƙarfe. A wurare irin wannan abinci yake.

Ku kuma yi hattara da abin da ke kawo kuɗi yau ba ya barin komai a hannu. Na san samari da suka bar garejin makanike da shagon walda suka hau acaɓa, don a can sai an yi haƙuri, a nan kuwa kullum da ɗan abin sawa a aljihu. A watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano. Dare ɗaya suka koma ba su ga tsuntsu ba su ga tarko, alhali abokan da suka bari a gareji sun zama masu yara. Ban raina neman halal ko wane iri ba ne. In dole ta sa ka ja Adaidaita Sahu don a ci abinci a gida, ja, Allah Ya sa albarka. Amma ka ware wasu sa'o'i na yini da hannunka zai koyi abin da doka ba ta iya karɓewa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi kashe ƙananan sana'o'i, wanda ba a cika koyarwa a wuraren horo ba, wato lissafi. Mutum ya iya aiki, masu kawo aiki na zuwa, amma shekara ta zagayo ba shi da ko kuɗin haya. A ce, misali, ka ɗinka kaftani a kan naira 5,000. Kai a ranka ka samu 5,000. To cire zare da maɓalli da abin ƙarfafa wuya. Cire gawayin guga. Cire man janareta, ka tuna litar da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Cire rabon wannan rigar daga kuɗin haya, da abincin yaron shago, da abin da za ka tara don ranar da keke zai nemi gyara. Abin da ya rage shi ne naka, kuma wani lokaci za ka tarar kyauta ka yi aikin har da ciko. Wanda bai yi wannan lissafi ba yakan karya farashi don ya ƙwace wa maƙwabci ciniki, yana murna shago ya cika, ashe uwar kuɗi yake ci. Sayi littafi na naira kaɗan. Duk abin da ya shiga rubuta, duk abin da ya fita rubuta, da boko ko da ajami, ba ruwan lissafi da irin rubutu. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka a mako, ka raba aljihun shago da aljihun gida. Kuma ka koyi cewa “a yi haƙuri” ga ɗan'uwa mai son bashi. Wannan ya fi kowanne wuya a wurinmu, na sani, don za a ce ka yi kuɗi ka canza. Ka ba shi kyautar abin da za ka iya daga rabonka, amma jari amanar sana'a ce, ba naka ba ne kai kaɗai.

Game da jarin, kullum kuka ɗaya nake ji: babu jari. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Mai sana'ar hannu jarinsa na farko aikin da aka ba shi ne. Ka gyara waya ɗaya da kyau a kan teburin maigidanka, mai ita zai kawo ta matarsa. Iyayenmu mata sun daɗe da maganin wannan, adashi. Mutum goma masu amana, kowa ya zuba abin da zai iya, kwasar farko ta sayi kan keke, ta biyu ta kama rumfa. Akwai kuma ƙiradi, wanda malamanmu suka karantar tun a zaure: mai kuɗi ya kawo dukiya, mai hannu ya kawo aiki, a raba riba yadda aka yi sharaɗi. Masu kuɗin da ke neman yaro mai gaskiya sun fi yadda kuke zato yawa, abin da ya hana su sakin hannu shi ne an sha cinye su. Bashin banki ko na manhajar waya kuwa, kada ka kusance shi don fara abin da ba ka gwada ba. Wanda ya riga ya san kasuwarsa, ya san abin da injin ƙari zai kawo masa a wata, shi ne zai iya tunanin rance. Duk kuma wanda ya ce ka biya kuɗin fom kafin a ba ka tallafi, ko ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka, ɓarawo ne ko da wane suna ya zo.

Abin da zan faɗa yanzu ya shafe mu teloli fiye da kowa, don mu aka fi yi wa shaida a kansa. Alƙawari. Azumi ya kama, tela ya karɓi ɗinkin da ya san ko dare da rana zai yi ba zai gama ba, ranar jajibere ya kashe waya. Yaran mutane su tafi idi da tsofaffin kaya suna kuka. Kafinta ya karɓi kuɗin gadon amarya ya kashe, ranar jere a zo ana neman sa. Wallahi na ga masu hannu kamar zinariya da wannan hali ya mayar da su 'yan faci. Kawuna yana da adadin da in ya kai, ko ɗan sarki ne ya kawo ba ya karɓa. Mutane kan tafi da fushi, amma baɗi tun watan Sha'aban suke kawo kayansu. A garin da kowa ya saba da saɓa alƙawari, wanda ya ce Laraba ta zama Laraba ba ya buƙatar allon talla.

Ku kuma 'ya'yana mata, kada wani ya sa ku ɗauka sana'arku wasa ce ta rage zaman banza. Gidaje nawa ne ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula suka biya wa kuɗin makaranta? Yau waya ta rage muku wahalar da iyayenku suka sha. Mai turaren wuta ko dambun nama ko ɗinkin mata tana ɗakinta za ta nuna kayanta a WhatsApp, a biya ta asusunta, ba sai an ɗora wa ƙaramar yarinya tire an hana ta makaranta ba. Amma ki buɗe asusu da sunanki, ki riƙe littafinki, kuma in za a yi maganar aure a yi maganar sana'ar tun kafin a shafa fatiha. Na ga kekuna da yawa da suka shiga gidan miji suka zama wurin ajiye kwanuka, don ba a yi wannan magana ba.

Mai digiri da ke jin sana'ar hannu ta yi masa ƙanƙanta, shekara nawa za ka yi kana yawo da fayil? Karatunka ba zai ɓata ba, shi zai sa ka fi sauran iya karanta takardar inji da rubuta wa kamfani farashi. Kai kuma da ka iya aiki ba ka da takarda, nemi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, ko shaidar ƙwarewa da ake bayarwa ƙarƙashin NBTE ga waɗanda suka koya a wajen makaranta. Ranar da babban aiki zai zo, takardar za a fara tambaya.

Idan sunanka ya fito a wani shirin horo, je ka. Kada ka fasa ko rana ɗaya, ka zauna a gaba, ka yi ta tambaya har malamin ya san sunanka. Amma tun kafin ranar rabon kaya, ka riga ka je wurin wanda za ka zauna a hannunsa, kun gama magana a gaban manya. Ranar bikin ka tafi da yayanka ko kawunka, ku yi ciniki da mai Adaidaita Sahu ya jira ku a bakin babbar ƙofa. Ana miƙa maka keken, ku ɗora shi, kada ku bi ta bayan katanga, ku wuce kai tsaye shagon. A can za a buɗe kwalin.